Tsofaffin Buruklin da Raɓar Mutuwa

A daren 10 ga Janairun 1941 aka buɗe wani wasan kwaikwayo a gidan wasa na Fulton da ke birnin Niyok na Amurka. Sunansa Arsenic and Old Lace, wato gubar arsenik da tsohon leshi, Joseph Kesselring ne ya rubuta shi. Wasan ya samu karɓuwar da ko masu shi ba su zata ba. Sau 1,444 aka nuna shi, ba a sauke labule ba sai tsakiyar 1944. A ƙarshen 1942 aka kai shi Landan, can ma ya haura sau 1,300. Mai karatu ya dubi waɗannan shekaru da kyau. Lokacin yaƙin Hitila ne, kamar yadda kakanninmu ke kiransa. Mutanen Landan da ke cika kujeru suna ƙyaƙyata dariya a kan guba, suna cikin mutanen ƙasar da gwamnatinsu ta raba wa takunkumin kare numfashi har miliyan 38 tun kafin a harba bindigar farko, jarirai ma an yi musu nasu, don tsoron kada Jamusawa su yi musu ruwan iskar guba daga sama.

Ga yadda labarin yake. Wasu tsofaffin mata biyu, ya da ƙanwa, Abby da Martha Brewster, suna zaune a wani tsohon gida a unguwar Buruklin, jikin maƙabartar coci. Ba su taɓa aure ba. Unguwa duka ta shaide su da kirki: su ne masu kai wa marar lafiya romo, su ne masu tara wa 'ya'yan talakawa kayan wasa, limamin coci da 'yan sanda duk abokan hirarsu ne. Suna da ɗakin haya. In tsoho ya zo neman ɗakin, sai su zaunar da shi cikin girmamawa, su tambaye shi ko yana da iyali. In suka ji ba shi da kowa a duniya, sai su miƙa masa kofin giyar da suka haɗa da hannunsu, wadda suka zuba wa arsenik da wasu gubobi biyu. A gidan akwai ɗan ɗan'uwansu, Teddy, mai taɓin hankali, wanda ya ɗauka shi ne shugaban Amurka Theodore Roosevelt, yana kuma haƙa mashigin ruwan Panama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Sai su ce masa zazzaɓin shawara ya sake kashe wani, shi kuwa ya ɗauka ya je ya binne. Su sa baƙaƙen tufafi, su sauka su yi wa mamacin addu'a da waƙoƙin coci daidai da ɗariƙarsa. An kai gawa ta goma sha biyu ranar da ɗan'uwan Teddy, Mortimer, mai sharhin wasanni a jarida, ya ɗaga murfin akwatin zama da ke gindin taga ya yi arba da mutum a sandare. Da ya tuhumi gwaggonnin nasa, ko gezau ba su yi ba. A wurinsu wannan ma ɗaya ce daga cikin sadakokinsu.

Na san akwai masu karatun wannan shafi da za su ce wannan ai rashin imani ne, mutuwa ba abar wasa ba ce. Ba na tare da su gaba ɗaya. Mu ma jika kan dubi kakansa ya ce masa ya yi sauri ya tafi a ci gumba, kakan ya yi dariya ya kai masa duka da carbi. A tatsuniyoyinmu kishiya kan zuba guba a tuwon 'yar kishiyarta, sai nata ɗan ya shigo da yunwa ya cinye, yara kuma su ji daɗin labarin su yi barci. Dariya a gaban mutuwa tsohuwar dabara ce ta ɗan Adam. Abin da nake son in kare a nan shi ne cewa wannan wasa na barkwanci ya faɗi gaskiyar guba fiye da yadda ma'aikatun yaƙi na zamaninsa suka faɗe ta. Sai dai akwai bashin da bai biya ba, kuma zan zo kansa.

Shi arsenik sinadari ne na asali, na 33 a jadawalin masana kimiyya, yana kwance cikin duwatsu, sau da yawa maƙale da zinariya ko tagulla. Larabawa sun san shi da zarnik, kalmar da suka aro daga Farisa. Farin garinsa kuwa, wanda ake samu in an gasa dutsen, suka sa masa suna sammul fa'ri, gubar ɓera. Daga wannan kalma ta Larabci namu sammu ya fito, ko da yake mu mun faɗaɗa ta har ta haɗa da asiri. Garin ba shi da wari, ba shi da ɗanɗanon da zai tona asiri, yana ɓacewa cikin abinci mai zafi. Amma abin da ya naɗa shi sarkin guba shi ne alamominsa: amai, gudawa, murɗar ciki, ƙishirwa mai tsanani, sanyin gaɓoɓi. A zamanin da annobar amai da gudawa ke share unguwa guda cikin mako, wa zai tsaya zargin wani? Faransawa suka yi masa laƙabi da garin gado, domin shi ne gajeriyar hanyar magajin da ya ƙosa. A 1676 aka fille kan wata mai sarauta, Madam de Brinvilliers, a birnin Paris, saboda kashe mahaifinta da 'yan'uwanta maza biyu da guba, aka ƙone gawarta.

Kasuwar wannan gari ta fara mutuwa ne a 1836, lokacin da wani masanin sinadarai na Ingila, James Marsh, ya fito da gwajin da ke iya gano ɗan ƙanƙanin arsenik a cikin gawa. Bayan shekara huɗu aka yi amfani da gwajin a shari'ar Marie Lafarge a Faransa, aka tono mijinta, aka same ta da laifi. A 1851 majalisar Ingila ta yi doka cewa duk wanda ya sayi arsenik a rubuta sunansa a littafi, kuma a gauraya garin da kunkunniya ko shuni don kada ya saje da fulawa. Daga nan sai gubar da ta fi kowace ɓuya ta zama wadda ta fi kowace tona mai ita, domin tana zama cikin gashi da farce shekara da shekaru. Shi ya sa zuwa 1941 mai kallo a Niyok yana jin kalmar arsenik kamar yadda yake jin tsohon leshi: kayan kakanni, abin da aka daina yayi. Dariyarsa irin wadda ake yi wa tsohuwar bindigar toka ce da ke rataye a zaure.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Arsenik ya bar kicin ne domin an ɗauke shi aikin soja.

Kafin mu bi shi fagen fama, ya kamata mu tuna cewa duniya ta daɗe da yanke wa guba hukunci a yaƙi. A 1675, shekara guda kafin a kashe Brinvilliers, Faransa da daular Jamusawa ta lokacin suka yi yarjejeniya a Strasbourg cewa ba za a sa wa harsashi dafi ba. Taron Hague na 1899 da na 1907 sun sake jaddada haramcin. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan hukunci: Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, ya hana harbi da kibiya mai dafi a babin jihadi, ko da yake maharbanmu ba su fasa dafa ƙwanƙwani suna shafa wa kibau ba, Turawan mulkin mallaka kuma suka riƙa kafa hujja da wannan wajen kiran mutanenmu marasa wayewa. Dalilin ƙyamar a bayyane yake. Mai takobi yana nuna fuskarsa, yana kuma sa wuyansa. Mai guba kuwa macijin ƙaiƙayi ne, yana shiga ta abin da mutum ba zai iya bari ba, abinci ko ruwa ko numfashi.

Ranar 22 ga Afrilun 1915 Jamusawa suka saki iskar kulorin a Ypres ta Beljiyam, ƙarƙashin jagorancin masani Fritz Haber. Cikin waɗanda hayaƙin ya fara riska akwai sojojin Aljeriya da Faransa ta kwaso daga Afirka. Sauran ƙasashe suka rama, aka shiga tsere: wannan ya ƙera guba, wancan ya ƙera takunkumi mai matatar gawayi. Da takunkumi ya fara cin galaba, sai aka tuna da arsenik. A Yulin 1917 Jamusawa suka fito da harsasan igwa masu alamar shuɗin gicciye, ɗauke da wani haɗin arsenik da ba iska ba ne, ƙura ce mai laushin da ke ratsa matatar. Ba don ta kashe aka yi ta ba. Aikinta ta sa soja atishawa ba ƙaƙƙautawa, da ciwon kai kamar zai tsage, da amai a cikin takunkuminsa, har ya fizge shi don ya samu iska. A daidai lokacin ne harsasai masu koren gicciye, waɗanda aka harbo tare, ke sakin fosjin mai cinye huhu. Su da kansu suna kiran shuɗin gicciye mai fasa takunkumi, harba launukan a haɗe kuma suna kiransa harbi mai launi-launi, kamar ana maganar rini a marina. Masana tarihin soja sun ce harsasan ba su yi aikin da aka so sosai ba, domin fashewar ba ta niƙa garin yadda ya kamata. Wannan gazawar makeri ce, niyya dai ta riga ta cika.

Labarin Amurka ya fi wannan kama da wasan kwaikwayo, har in marubuci ne ya ƙirƙiro shi za a ce ya cika gishiri. Wani matashin limamin Katolika, Julius Nieuwland, yana binciken digirinsa na uku a Jami'ar Katolika da ke Washinton, ya haɗa iskar asetilin da wani ruwan arsenik. Abin da ya fito ya kwantar da shi a asibiti kwanaki. Ya rubuta shi cikin kundinsa na 1904, ya bar shi nan. A 1918 aka zaro kundin daga kanta aka miƙa wa wani kyaftin mai suna Winford Lee Lewis, wanda ya tace haɗin ya mai da shi makami, aka kuma raɗa wa makamin sunansa, lewisite. Ruwa ne mai kauri kamar mai, da ƙamshin wata fure ta lambu. In ya taɓa fata, nan take yake zafi kamar garwashi, ya tayar da bororo, ya makantar da ido, ya ratsa cikin jini. Aka gina masa masana'antar sirri a Willoughby ta jihar Ohio, aka kewaye da waya, aka hana ma'aikata fita. Su ma'aikatan suka sa wa wurin suna tarkon ɓera. Gubar ɓera dai ta Larabawa, ga shi ta kama masu haɗa ta. Shugaban aikin saurayi ne ɗan shekara 25, James Conant, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Harvard shekara 20, ya kuma kasance cikin manyan masu kula da aikin bam ɗin nukiliya. An gama yaƙi ranar 11 ga Nuwamban 1918 ba a kai ga harba ko ɗigo ba, aka kwashi abin da aka tara aka nutsar a teku. Amma sunan da aka yi masa kirari da shi ya zauna: raɓar mutuwa, domin an yi mafarkin a riƙa yayyafa shi daga jirgin sama.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya koma falon tsofaffin Buruklin ya sake sauraron yadda suke magana. Ba su taɓa cewa sun kashe kowa ba. Tsoho na farko ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a kan kujerarsu, suka ga fuskarsa ta yi kwanciyar hankali, sai suka ƙudurta taimaka wa sauran marasa galihu su samu irin wannan hutu. Harshen tausayi suke yi, kuma sun yarda da shi har zuci. To, da wane harshe aka kare makamai masu guba bayan 1918? Da shi dai. Haber bai taɓa nadama a fili ba, kuma a 1919 aka sanar da ba shi kyautar Nobel saboda aikinsa na takin zamani. Lewis ya yi ta kare makaminsa har ƙarshen rayuwarsa. Hujjar da ake maimaitawa ita ce iskar guba ta fi harsashi jinƙai, tun da mafi yawan waɗanda ta taɓa ba sa mutuwa, kuma tana gajarta yaƙi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ta kashe kimanin mutum dubu 90 a yaƙin farko ta raunata fiye da miliyan guda, sai a ɗauki wannan lissafi a ce ka gani, rahama ce. A 1925 wani shahararren masani na Ingila, J. B. S. Haldane, ya wallafa ɗan littafi mai suna Callinicus don kare yaƙin guba, a ciki har ya kawo shawarar a riƙa tura sojoji baƙar fata gaba, ƙarƙashin farar hafsoshi, bisa da'awar cewa fatarsu ta fi jure gubar mastad. Duk waɗannan mutane ne masu ladabi, masu digiri, waɗanda maƙwabta za su shaida da kirki. Kesselring ya ɗauki irin wannan mutum ya ɗaura masa zanen tsohuwa, ya ba shi butar shayi, ya ce wa duniya ku dube shi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ko da shi marubucin neman abinci kawai yake yi.

Akwai wuri biyu a wasan da ke sa dariyar mai hankali ta tsaya a maƙogwaro. Na farko, lokacin da ɗan'uwan Mortimer na uku, Jonathan, ya dawo gida. Shi mugu ne a fili, mai tabo a fuska, kuma Boris Karloff, wanda duniya ta sani da fitowa a dodon Frankenstein, shi ya fito a matsayinsa. Jonathan ya zaga duniya yana kisa, 'yan sanda na bin sa. Da aka zauna lissafi sai aka ga shi ma goma sha biyu ya kashe, kunnen doki ke nan da gwaggonninsa da ko ƙofar gida ba su fita ba. Ransa ya ɓaci, ya tashi neman na goma sha uku. Tseren makamai ke nan a cikin falo ɗaya, kuma mai fuskar salihai ba ta gaza mai fuskar dodo ba ko da gawa guda. Na biyu, Jonathan ya zo da tasa gawar yana so a binne ta a ɗakin ƙasa, sai tsofaffin suka tubure. Ba kisan ne ya dame su ba. Abin da ba za su lamunta ba shi ne a haɗa mutumin kirki ɗan cocinsu kabari ɗaya da baƙo ɗan wata ƙasa. Mu da muka san ɗanɗanon a kira mutum baƙo a garin da aka haifi kakansa, ba sai an fassara mana wannan ba.

Sai kuma tambayar nan da suke yi kafin su tsiyaya giya: kana da iyali? Akwai mai nemanka? A ganina ita ce zuciyar al'amarin gaba ɗaya, domin ita ce tambayar da manyan ƙasashe suka riƙa yi. A 1925 aka sa hannu kan yarjejeniyar Janiba da ta haramta amfani da iskar guba. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila da Jamus da Amurka da Rasha kowace ta tara tulin guba, Amurka kaɗai ta haɗa lewisite kimanin tan dubu 20, amma ba su harba wa juna a fagen daga na Turai ba. Kowa ya san wancan yana da dangi masu ramawa. Takunkuman Ingila miliyan 38 suka tsufa cikin kwalayensu. Waɗanda aka shaƙa wa guba su ne waɗanda ba su da mai rama musu. A 1919, lokacin da Winston Churchill ke ministan yaƙi, Ingila ta jefa hayaƙin arsenik mai sa amai a kan 'yan Bolshebik a arewacin Rasha, kuma a shekarar ne ya rubuta takardar da ya goyi bayan amfani da iskar guba a kan ƙabilun da ya kira marasa wayewa. Masu kare shi suna cewa mai sa hawaye yake nufi. Japan ta gina masana'antar guba a tsibirin Okunoshima, ta goge tsibirin daga taswira, ta yi amfani da hayaƙin arsenik sau ɗaruruwa a ƙasar Sin. A Oktoban 1941, wata tara da buɗe wasan, ana tafi a Niyok ana ruwan harsasan guba a Yichang. 'Yan Nazi kuwa, da suka ji tsoron harba guba ga sojojin da ke iya ramawa, sun shaƙa wata irinta, wadda ba arsenik ba, ga Yahudawa da sauran waɗanda suka kulle a sansanoni. Amurka ma da ta tashi gwada mastad da lewisite, a jikin ƙananan sojojinta ta gwada, kimanin dubu 60, aka rantsar da su kada su faɗa.

Namu rabon a Afirka ya zo ta Habasha. Italiya ta amince da yarjejeniyar Janiba a 1928, Habasha kuma mamba ce a Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta lokacin. Duk da haka a yaƙin 1935 zuwa 1936 jiragen Mussolini suka yi ta zubar da gubar mastad a kan mayaƙa da ƙauyuka da koguna, a gumurzun Amba Aradam na Fabrairun 1936 kuma aka harba harsasan igwa masu arsenik fiye da dubu. A ƙarshen Yunin 1936 Sarki Haile Selassie ya tsaya a zauren ƙungiyar a Janiba don ya faɗi abin da aka yi wa mutanensa, 'yan jaridar Italiya suka tarbe shi da fito da ihu. Ba a yi komai ba, takunkumin tattalin arzikin da aka sa wa Italiya ma ɗage shi aka yi bayan makonni kaɗan. Sai a 1996, bayan shekara 60, gwamnatin Italiya ta amsa a hukumance. A farkon 1941, daidai watannin da wasan ke tashe, sojojin Najeriya da na Gana ta yau, waɗanda da yawansu da Hausa ake ba su umarni, suna cikin rundunar da ta kori Italiya daga Somaliya da Habasha.

Yanzu bashin da na ce wasan bai biya ba. Don a samu dariya, dole aka ɓoye yadda arsenik ke kisa. A kan dandamali tsoho ya kurɓa, ya yi shiru, shi ke nan. A zahiri mutum kan kwashe sa'o'i ko kwanaki yana amai yana birgima. Marubucin Faransa Gustave Flaubert ya kwatanta wannan mutuwa dalla-dalla a ƙarshen littafinsa Madame Bovary, kuma ba wanda ya karanta wurin ya yi murmushi. Ana kuma danganta asalin labarin Kesselring da wata mata ta gaske, Amy Archer-Gilligan, mai gidan kula da tsofaffi a Windsor ta jihar Connecticut, wadda mutane da dama suka mutu a hannunta bayan sun biya kuɗin kula da su na tsawon rai, aka tono wasu aka samu arsenik, aka yanke mata hukunci a 1917. Ita ba sadaka take yi ba, kuɗi take ci. Sannan ko ɗaya daga cikin mutum goma sha biyun nan ba mu ji muryarsa ba. Ba mu san wa ya taɓa aure ba, wa ke da sana'a, wa ke jiran wasiƙa. Mai kallo yana zaune tare da masu gida a falo, ba a taɓa saukar da shi ƙasa ba. Wannan shi ne farashin tikiti, kuma mu da tarihi ya fi ajiyewa a ɗakin ƙasa muna da haƙƙin mu lura da shi.

Zan yi adalci ga arsenik kansa, domin ya yi mana rana, ko da yake ranar ma da ƙaya a cikinta. Tsoron lewisite ne ya sa masanan Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Rudolph Peters, suka gano makarinsa a 1940, maganin da ake kira BAL, wanda ke kama arsenik a cikin jini ya fitar da shi. Daga zuriyar wannan magani ne aka samu wanda aka ba yaran Zamfara lokacin gubar dalma ta 2010. A 1949 kuma wani likitan Suwizalan, Ernst Friedheim, ya aurar da arsenik da makarin nasa, ya samar da allurar melarsoprol don ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. Kusan shekara 50 ita ce dogaro ga wanda cutar ta kai wa ƙwaƙwalwa, a Kamaru da Chadi da Sudan da Kongo. Marasa lafiya suna kwatanta ta da wuta a jijiya, kuma tana kashe kimanin mutum ɗaya cikin kowane 20 da aka yi wa. Ba tare da ita ba kuwa kusan duka za su mutu. Kafin ita, a shekarun 1920, likitan Faransa Eugène Jamot, wanda asibiti ke ɗauke da sunansa a Yawunde, ya yaƙi cutar da wasu magungunan arsenik daga sansaninsa na Ayos, ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Amma a yankin Bafia wani matashin likita da ke ƙarƙashinsa ya ƙara awon maganin fiye da ƙa'ida, ɗaruruwan mutane suka makance. Ba na cewa likita da mai kisa ɗaya ne, Allah ya kiyaye. Abin da ya haɗa labaran shi ne mutanen Bafia layi aka jera su, ba a tambaye su ba, kamar yadda tsofaffin Buruklin suka tambayi baƙinsu komai ban da ko suna son mutuwa.

A ƙarshen wasan, bayan an sauke labule, masu shirya shi a Niyok sun yi wata dabara da ta ƙara wa 'yan kallo nishaɗi: sai ga mutanen da aka binne suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga ƙofar ɗakin ƙasa, su jeru su rusuna a yi musu tafi. Na yaƙi ma suna fitowa, sai dai ba da rusunawa ba. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba ta fara aiki a 1997, Rasha ta sanar da gama lalata abin da ta bayyana a 2017, Amurka a 2023. Amma sauran gubobi in an ƙona su suna rushewa su zama wani abu. Arsenik sinadarin asali ne, wuta ba ta cin sa, sai dai ya sauya riga. Masuntan tekun Baltik har yanzu sukan jawo tsofaffin bama-baman guba a komarsu kusa da tsibirin Bornholm, inda aka nutsar da su bayan 1945. A 2003, a garin Kamisu na Japan, aka gano wani haɗin arsenik dangin na makaman yaƙi a ruwan rijiya, bayan yara sun fara tangaɗi da rawar jiki. A dajin Spincourt kusa da Verdun ta Faransa akwai wani fili da aka ƙona harsasan guba na Jamusawa kimanin dubu 200 a shekarun 1920. Da aka auna ƙasar wurin, an samu inda arsenik ya haura kashi 10 cikin 100 na nauyinta. Itatuwa sun kewaye filin ta kowace fuska, amma tsakiyarsa baƙar toka ce, kusan shekara 100 ke nan ba abin da ke tsiro sai gansakuka, kuma hukuma ta ja masa waya ta hana shiga.